Darasi Na 6: Guduma Kafin Foti

Wannan darasin na 'yan sakandare ne masu koyon fanal bita, da manyan da suka shigo sana'ar daga baya. Abin da ya fi damuna da sabon ɗan koyo shi ne gaggawa, mota ta lotse kawai sai ya ɗauko foti, wato kwaɓin da ake cike lotsewar jikin mota da shi, ya lafta ya rufe ramin, to wallahi ba a jimawa wurin zai tsattsage, fenti ya ɓare, tsatsa ta shiga ta ƙasa.

Da farko ka wanke wurin, ka shafa da tafin hannu. Hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Sai ka tara ƙarfen tokara ta bayan bodin, ka riƙa bugu da guduma a hankali, daga gefen lotsewar kana zagayowa zuwa tsakiya. Kar ka fara da tsakiya. Ƙaramin bugu da yawa ya fi babba guda ɗaya, don in ka cika ƙarfi ƙarfen zai miƙe ya yi laushi, ka danna nan ya kumbura can, kuma dawo da shi wahala ce babba.

In akwai walda, ka cire kan batir tukuna, kuma ka yi nesa da tankin mai.

Sai ƙarfe ya kusa komawa daidai sannan a zo kan foti. Ka goge fentin da sanfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fes. Ka kwaɓa kaɗan, hadina, wato sinadarin da ake haɗawa da foti don ya daskare, ɗan ɗigo ne, kamar kashi 2 cikin 100, kuma ka yi sauri don cikin minti 5 zai fara daskarewa a hannunka. Shafi siriri ake yi, kaurinsa kar ya wuce milimita 3 in son samu ne. In ya bushe ka bi da lamba 80, sai 180, sai 320 kafin a fesa faraima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, yara da yawa suna juya wannan.

Don Allah takunkumi da tabarau, ƙurar foti da warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, suna cin huhu ne a hankali ba tare da mutum ya sani ba.

Aikin gida: ka nemi tsohuwar ƙofar mota, ka bi jikinta da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa da kyau foti ne ya yi kauri a wurin, ka zagaye shi da alli ka nuna wa malam.