Shawara ga masu rubutu da Haskell: a bar getArgs ya huta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanaki na rubuta ƙaramar manhaja da Haskell, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, don lissafin cinikin shagon kawuna a Nima, nan Accra. Da getArgs, wato abin da ke miƙo kalmomin da aka rubuta bayan sunan manhaja, nake karɓar umarni, ina tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ran nan yaron shago ya sa kwanan wata kafin sunan fayil, lissafi ya watse.

Don Allah ku koma wa optparse-applicative, wato laburaren Haskell na karanta irin wannan umarni. Kowane zaɓi ka bayyana shi da strOption, ka ba shi long (cikakken suna) da short (gajeren suna) da help (bayaninsa), sannan ka ɗinke su da <$> da <*>. Na kunnawa da kashewa kuwa, switch ya isa. In ka haɗa helper, --help, wato umarnin da ke nuna bayanin zaɓuɓɓukan, zai fito da kansa.

Amma ga inda na yi tuntuɓe: dole jerin <*> ya bi jerin filayen bayananka daidai. In filaye biyu duk String (rubutu) ne ka juya su, GHC, wato manhajar da ke tantancewa da harhaɗa rubutun Haskell, ba zai ce uffan ba. Shi ya sa yanzu nake ba kowanne newtype (nau'in bayani na musamman) nasa, kwanan wata daban, sunan fayil daban, GHC ya kama kuskuren tun kafin manhajar ta isa shago.