Kafin ku sayi gitar bes (mai kaurin sauti) ta hannu, ku duba wuyanta

Ku danne tsirkiya mafi kauri a kan na farko da na ƙarshe cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan, lokaci guda, sannan ku dubi tsakiyar wuyan. Kada tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da ƙarfen da ke tsakiyar ta wuce kaurin katin banki.

Tsirkiyar da aka danne miƙewa take yi sambal, shi ya sa take tona lanƙwasar katakon. Idan tazarar ta yi yawa, ku roƙi mai sayarwa ya ɗan juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ake daidaita lanƙwasarsa da ita. In ta ƙi motsi, ni dai ba na saye, domin gyaranta yana da tsada ƙwarai.

Sai dai gwajin ba ya nuna wuyan da ya murɗe, sai kun maimaita shi a kan tsirkiya mafi siranta.