Yadda za mu taimaka in igiyar tsunami ta afka wa ƙaramin tsibiri

Jama'ar Damagaram, ku tuna Tonga, ƙasar ƙananan tsibirai a tekun Pasifik, ranar 15 ga Janairu 2022 dutse mai aman wuta ya fashe cikin teku, babbar igiyar ruwa, wato tsunami, ta hau gari ta kwashe gidaje, toka ta rufe filin jirgi har jiragen agaji suka kasa sauka, wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta katse kusan sati biyar mutum bai jin ɗan'uwansa. Abin da ya fi ci mini rai ruwan sha, su ruwan sama suke tarawa a tanki, toka ta ɓata shi, mu da muke jiran ɗan garuwa da jarka lokacin zafi ai mun san wannan azaba.

To in irin haka ta faru kuma za ku taimaka, ku ba da kuɗi, kar ku tara tsofaffin kaya, kuɗin jigila ya fi kayan tsada kuma cushe tashar jirgin ruwa suke. Ku haɗa gudummawa bayan sallar Juma'a ko a fada, ko dala ashirin ce a rubuta a kaye, mutum biyu su ƙirga. Sannan ku je ofishin Croix-Rouge ku tambayi hanyar aikawa, ku karɓi rasit. Lambar da ake yawo da ita a WhatsApp kuwa, kar ku tura sai kun tabbatar da mai ita.