Rage wa firosesar laftof wuta: ta manhaja ko ta BIOS?

Idan laftof ɗinka na huci, fanka na ihu, aiki kuma na jan ƙafa da zarar zafi ya haura digiri 95, rage ƙarfin wutar da ke shiga firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, na iya kawo sauƙi ba tare da gudunta ya ragu ba. Kamfani kan ba ta wuta fiye da buƙatarta don kowace ta tsaya daram. Wannan rarar ce za ka zaftare. Amma fara kakkaɓe ƙurar hunturu tukuna, don babu saitin da ke maganin toshewar fanka.

Ni dai kullum ta manhaja nake farawa. Sauko da ThrottleStop, ko Intel XTU, da HWiNFO don kallon zafi. A ThrottleStop danna FIVR, zaɓi CPU Core, sa alama a Unlock Adjustable Voltage, ka ja Offset Voltage zuwa -50 mV (milibolt, ma'aunin ƙarfin wuta). Yi wa CPU Cache haka. Kada ka bari ta adana saitin tukuna. Kunna Cinebench, manhajar gwada ƙarfin firosesa, ta wahalar da na'urar, sannan ka bar ta zaune ba aiki, domin sau da yawa a lokacin hutu ne take sanƙarewa. In ta jure, ƙara -10, ka sake gwadawa. Firosesoci irin su Intel i7-8750H sukan ɗauki -100 zuwa -125, amma kada ka kwafi lambar wani, ko da samfurinku ɗaya. Ranar da shuɗin allo ya bayyana, alamar Windows ta tsaya cak, koma baya da 10 ko 15 ka tsaya nan.

Daɗin wannan hanya, in ta sanƙare sai ka kashe ta gaba ɗaya ka kunna, wuta ta koma yadda take.

BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna na'ura, ba ta da wannan afuwar. Saitinta na kamawa tun kafin Windows ta tashi, shi ne amfaninta ga mai Linux, shi ne kuma haɗarinta: in ka zarce, allo baƙi ƙirin, wataƙila sai an kwance bayan laftof ɗin an cire ƙaramin batirin CMOS da ke riƙe saitin BIOS. Shi ya sa ba na shigar da lamba a can sai wadda ta yi kwanaki tana aiki lafiya a manhaja, kuma nakan ɗan koma baya da ita kaɗan. A yawancin laftof ɗin MSI, ɓoyayyen shafin BIOS da ake wannan saitin na buɗewa da Shift da Ctrl na dama, Alt na hagu, da F2. Duba Offset Prefix da kyau ka mai da shi alamar ragi. In ka bar shi a alamar ƙari, wuta ka ƙara wa firosesar.

In ka ja lambar amma HWiNFO bai nuna canji ba, abu biyu ne. Ko dai saitin tsaro na Memory integrity na Windows 11 ya tare hanya, ko kamfani ya kulle. Tun da aka bankaɗo raunin tsaro na Plundervolt a Disamban 2019, wanda ke bi ta wannan hanya ta rage wuta, masu ƙera laftof da yawa suka toshe ƙofar ta sabunta BIOS. In haka ne, sai ka koma ga rage iyakar wutar da firosesa za ta iya sha, wato PL1 da PL2, a shafin TPL na ThrottleStop. Gudu zai ɗan ragu, zafin ma haka.