Yadda na daina cinye abin da na ƙona

Wata biyu ina zagaya tafkin Jabi a Abuja bayan Asuba don in rage ƙiba, amma sikeli ya ƙi motsi. Abin ya dame ni ƙwarai. Ashe da bakina nake mayar da komai: agogon hannu mai lissafin motsa jiki ya ce na ƙona kalori 500 (kalori ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki ne), sai in zarce wurin mai shayi, burodi da ƙwai, da rana kuma lemon kwalba. Agogunan nan sukan yi ƙari a lissafi, kwalbar lemo ɗaya kuwa ta kai kalori 140.

Yanzu ranar tafiya kawai ba na ƙara komai. Ranar dogon gudu nakan mayar da rabi, da ayaba ko gyaɗa kaɗan, bayan na sha ruwa. A sati na uku wandona ya fara yi mini yawa a ƙugu.