Kurakuran da ake yi duk lokacin neman shugaban jami'a

Duk sanda wa'adin shugaban jami'ar tarayya ya zo ƙarewa, sai ka ga matasan malamai sun miƙe da kamfe, kuma shirmen da na gabansu suka tafka shi suke maimaitawa.

Wasu ma kujerun uban jami'a da shugaban jami'a ne suke haɗawa. Uban jami'a ba zaɓensa ake yi ba a nan, Shugaban Ƙasa ke naɗa shi, galibi basarake daga wani yankin, kamar yadda aka ba Obin Onitsha ABU Zariya, aka ba Sarkin Musulmi Jami'ar Ibadan. Kujerar da ake takara a kanta ita ce ta shugaban jami'a, wa'adi ɗaya na shekara 5.

Babban kuskuren shi ne farkawa ranar da aka buga tallan neman sabon shugaba a jarida. A lokacin an riga an sha ku. Tun gyaran dokar jami'o'i na 2003, majalisar gudanarwar jami'a ce ke naɗa shugaba, sannan ta sanar da Shugaban Ƙasa. A cikinta akwai wakilai 4 daga Sanate (majalisar manyan malaman jami'a), 2 daga babban taron ma'aikata, 1 daga tsofaffin ɗalibai. Zaɓen waɗannan shi ne ainihin zaɓen, amma ranar da ake yinsa zauren rabi ne, kowa na da uzuri. Na ga wannan da idona a wata jami'a. Muna da ɗan takara da ba a kushe shi a ilimi ko riƙon amana, mutanenmu suna ta zarya Abuja wajen manya, abokan hamayya kuwa tuni sun cike kujerun majalisa. Sunansa ya shiga ukun ƙarshe, aka kaɗa ƙuri'a, ya faɗi. Har yau abin na ci mini rai. Haba malamai! Kuna koya wa ɗalibai karatu, dokar jami'arku ta gagare ku karantawa? Ni dai yanzu ranar zaɓen wakilai nake fara sa wa alama a kalanda, in bi abokan aiki ofis-ofis.

Kuskure na biyu shi ne tura farfesan da kuka fi amincewa da shi cikin kwamitin zaƙulo 'yan takara. Wanda ya zauna a nan ba zai shiga kwamitin tantancewa ba, alhali kwamitin tantancewar ne mai yin intabiyu ya miƙa wa majalisa sunaye 3. Ku adana gwaninku don can.

Sauran ƙanana ne. Wasiƙun masu shaida su isa hannun magatakarda kafin a rufe. A lissafa shekarun farfesanci da tallan ya nema tun kafin a kashe kuɗin fotokwafi.

Majalisar da ke tunanin tsallake ƙa'ida don nata ya samu kuma, ta tuna Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. A Nuwamban 2024 aka rusa majalisarta, aka cire shugaban da ta naɗa.