Yadda Za Ka Gane Ko Kuɗin Waje Ya Amfani Hukumar Ruwa

Idan aka ce min wata hukumar ruwa ta gwamnati ta samu lamuni ko tallafi daga waje, ba na fara duba sabuwar matatar da aka ƙaddamar. Gini kowa na iya nunawa.

Ka fara da ruwan da ke salwanta: nawa aka tace, nawa aka karɓi kuɗinsa? Giɓin da ke tsakani shi ne abin da ya tsiyaye ta fasassun bututu, ko aka sace, ko ya wuce babu mita. Nan nake daɗewa. A Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, asarar ta kai kashi 72 cikin ɗari a 1993. Ƙarƙashin Ek Sonn Chan, shugaban hukumar ruwan birnin a lokacin, da kuɗin Japan da Bankin Duniya, aka sauya bututu, aka sanya mita, har manyan jami'ai aka tilasta wa biya. Asarar ta sauko ƙasa da kashi 10.

Sannan ka tambaya: abin da jama'a ke biya yana ɗaukar albashi, wutar lantarki, sinadarin tace ruwa da gyare-gyare? Masu ba da lamuni sun fi son gina sabo, kulawa kuwa ta hukumar ce. In kuɗin bai isa ba, injin da ya fara lalacewa haka zai zauna.

Duba kuma da wane kuɗi aka ci bashin. In da dala ne, kuɗin gida na faɗuwa bashin zai kumbura.

Awa nawa famfo ke kawo ruwa a rana, da da yanzu? Wannan masu ɗiba za ka tambaya, ba rahoto ba.